Yadda na gyara laftof ɗina da ke mutuwa saboda zafi

Jama'a tun da zafin Afrilu ya shigo laftof ɗina HP ta fara min wani abu, ina cikin aikin furojet sai fanka ta dinga ƙara kamar janareta, ƙasanta ya yi zafi har ba na iya aza ta kan cinya, minti 20 ta mutu da kanta. Kun san zafin Sakkwato, rana tana haura digiri 40, sai na ɗora laifin kan gari kawai. Ashe ba gari kaɗai ba ne.

Na sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, na ga firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kai digiri 95. Na kashe ta, na cire caja da batir, na kwance bayanta, wallahi ƙurar hunturu ta toshe ragar da iska ke fita ta yi tauri kamar auduga. Da buroshin haƙori tsoho na share, na riƙe fankar da yatsa kada ta juya ina hurawa.

Sai man nan mai ruwan toka da ke tsakanin firosesa da ƙarfen jan zafi, ya bushe ƙayau, shekara shida ba a taɓa canza shi ba. Na goge da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, kar ku cika shi don Allah, na ɗaure sukurorin a hankali ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu 60 zuwa 70 take tsayawa, kuma na daina aza ta kan katifa. Batir ɗin ma na ga ya fara kumbura, shi sai na canza ƙarshen wata.