Yadda Ake Sabunta Takardar Haɗa Manhaja a Bioconda Idan Sabuwar Siga Ta Fito

Da yawa daga cikin manhajojin da masana ke amfani da su wajen nazarin ƙwayoyin gado, irin su samtools da bwa, suna isa ga masu bincike ne ta hanyar Bioconda, wata tashar rarraba manhajojin nazarin halittu da ke aiki da conda, manhajar da ake girka wasu manhajoji da ita. Kowace manhaja tana da takardar haɗinta a rumbun bioconda-recipes da ke GitHub, wato fayil mai suna meta.yaml, wani lokaci tare da build.sh, waɗanda ke bayyana inda za a ɗauko lambobin manhajar da yadda za a gina ta da kuma yadda za a gwada ta. Idan marubutan manhajar suka fitar da sabuwar siga, sai an gyara wannan takarda kafin kowa ya samu sabuwar ta conda.

Kafin a taɓa komai, a duba ko BiocondaBot, bot ɗin Bioconda mai aiki da kansa, ya riga ya buɗe buƙatar sabuntawa a GitHub, domin yana sa ido a kan fitowar sabbin sigogi. Idan bai buɗe ba, sai a kwafi rumbun zuwa asusun mai gyara, a buɗe sabon reshe.

Abubuwa uku ne ke canjawa a kowace sabuntawa. Na farko lambar siga, wadda galibi ke saman fayil ɗin. Na biyu lambar tantancewa ta sha256, mai baƙaƙe 64, wadda ake samu idan aka sauke sabon ƙunshin aka bi da shi ta umarnin sha256sum, ko shasum -a 256 a kan macOS. Na uku lambar gini, wadda dole ta koma 0 a sabuwar siga. Ana ƙara mata ɗaya ne kawai idan an gyara takardar alhali sigar ba ta canja ba. Ya fi dacewa a ɗauko ƙunshin da marubutan suka ɗora da kansu maimakon wanda GitHub ke haɗawa kai tsaye, domin a watan Janairun 2023 wani canji da GitHub ya yi wa hanyar matse waɗannan fayiloli ya sauya lambobin tantancewarsu, gine-gine da yawa suka tsaya har sai da aka janye canjin.

Duk wannan aikin ɗan lokaci ne. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne karanta bayanin canje-canjen da marubutan suka rubuta, sannan a kwatanta shi da sashen requirements na meta.yaml, inda ake lissafa abubuwan da manhajar ke buƙata. A nan build na ɗauke da kayan gini kamar mai harhaɗa C, host na ɗauke da ɗakunan lambobin da ake haɗa manhajar da su, run kuwa abin da take buƙata ne lokacin aiki. Sabuwar siga tana iya daina aiki da tsohon Python, ko ta nemi sabon ɗakin lambobi irin htslib, kamar yadda samtools ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Bot ba ya karanta wannan bayani, shi ya sa buƙatarsa ma take son idon mutum. Haka nan a duba facin da aka liƙa wa tsohuwar siga, wato ɗan gyaran da aka yi wa lambobinta, in akwai: idan marubutan sun gyara matsalar, a cire shi, in ba haka ba a sake daidaita shi. A tabbatar lasisi bai canja ba, kuma sashen run_exports, wanda ke ƙayyade sigar da manhajojin da aka gina a kanta za su nema, yana nan.

Sashen gwaji ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi. Umarnin da kawai ke nuna lambar siga yana tabbatar da cewa manhajar ta buɗe, amma bai nuna tana aiki ba, don haka gara a ƙara ɗan gwajin da ke taɓa ainihin aikinta. Wanda ke da Docker, manhajar da ke tafiyar da shirye-shirye a cikin keɓaɓɓiyar kwantena, zai iya gwada ginin a kwamfutarsa da bioconda-utils, kayan aikin gini na Bioconda, kafin ya tura.

Bayan an tura buƙatar haɗewa, na'urorin gwaji za su gina ƙunshin a Linux da macOS, su kuma gwada shi a cikin ƙaramar kwantena wadda babu komai a cikinta sai abin da aka lissafa a run. A nan ne abin da aka manta yake bayyana, kuma saƙon kuskure na farko a rahoton shi ya kamata a bi. Idan komai ya wuce, a roƙi bot ya sa alamar neman dubawa, wani daga cikin masu kula da rumbun ya amince a haɗe. Daga nan ƙunshin zai hau tashar Bioconda, a kuma samar da kwantenarsa ta BioContainers, shirin da ke rarraba irin waɗannan manhajoji cikin kwantena, a ma'ajiyar quay.io.