Ƙanƙara garau irin ta mashayar wiski

Jama'a, ƙanƙarar nan mai haske kamar gilashi da ake sakawa a kofi a mashayun wiski na Tokyo da Landan, za ku iya yin ta a gida, babu sayen inji.

Ku samo ƙaramar kula mai cin lita 5. Ku zuba ruwa, ku bar ɗan sarari a sama. Ku saka ta a firiza a buɗe, ba murfi, awa 24 zuwa 30.

Jikin kular yana tare sanyi, don haka ruwan daga sama yake daskarewa, yana tura iska da dauɗa ƙasa. Iskar nan ce ke sa ƙanƙara ta yi fari.

Ku fitar da kular kafin ƙasan ya daskare, ku ciro ƙanƙarar, ku zubar da ruwan. Ku bar ƙanƙarar a waje ta ɗan rage sanyi minti 15, in ba haka ba tsagewa za ta yi. Ku ja layi da wuƙar burodi, ku ɗan buga bayan wuƙar da muciya. Gutsure mai faɗin santimita 5 ya ishi kofi ɗaya, kuma yana jimawa bai narke ba, zoɓonku ba zai salance ba.

In ana yawan ɗauke wuta, ba za ta yi kyau ba. Narkewa da sake daskarewa suna dawo da farin.