Yaro ya samu sauƙi sai a aje magani? Kurakuran da muke yi da masu ciwon Kron

Mu nan Damagaram in yaro na yawan zawo da murɗar ciki yana ta ramewa, abin da za a fara cewa ɗan kanoma ne ko atuni ko tsutsar ciki. Ɗan ƙanwata kusan shekara biyu muna yawo da shi kafin a tura mu Yamai a saka masa kyamara ta dubura a ga hanjin duk gyambo, dokta ya ce ciwon Kron ne. Garkuwar jikin mutum ce da kanta take tada kumburi a hanji, tun daga baki har dubura ko'ina yana iya kamawa amma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji, sunan kuma na wani likitan Amurka ne, Burrill Crohn, da shi da abokan aikinsa suka yi bayanin ciwon a 1932. Ba a ɗaukarsa wajen wani. Kuma har yau ba shi da maganin da ke tumɓuke shi, sai dai a kwantar da shi.

To wannan kwantarwar ita ce ta yaudare mu. Da aka ɗora shi kan magani yaro ya shekara garau, yana cin tuwo, ya koma lakwal, yana buga balo, sai Hajiya ta kira ni ta ce "Malam, yaron nan fa ya warke, ku ƙyale shi haka nan, magani ai ba abinci ba ne." Ni ma a raina haka nake gani, ga kuɗin ordonans duk wata, ga takardar cikin kwali da ta lissafo illoli har sai gabanka ya faɗi. Muka aje azathioprine ɗin, ƙwayar da yake sha kullum don kar ciwon ya taso, shiru ba mu gaya wa kowa ba. Wata huɗu lafiya lau, har muna cewa ka gani ko. Ana shiga na biyar zawon dare ya dawo, da jini.

Abin da ba mu gane ba shi ne lafiyar da muke gani maganin ne ke riƙe da ita. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka, ba hayaƙi amma wutar na nan. Kumburi na iya ci gaba a hanji yaro bai jin ciwon komai, kuma a wajen yaro ɓarnar ta fi ta babba don yana hana shi tsawo, yana jinkirta balaga, shekarun girma kuwa in sun wuce ba a maido su. Wani abin haushin, azathioprine ba ya kamawa yau-yau, sai ya yi wata 2 zuwa 3 a jiki kafin ya fara aiki sosai, kenan da muka koma sai da aka sake bi ta prednisolone, maganin da ke saurin kashe kumburi, daga farko. Gyaran wannan kuskuren ɗaya ne, kar ido ya yanke hukunci. Analiz ne ke faɗa: na jini da ke nuna kumburi, CRP, da yawan jinin kansa, da na kashi da ake kira kalprotektin, wani lokaci har a sake kyamara. Sai awon tsawo da nauyi a rubuta cikin karne duk zuwa.

Akwai wani bincike da aka yi a Faransa da Beljiyam aka fitar a 2012, manya ne da ciwonsu ya lafa aka tsayar musu da infliximab, wani maganin ciwon da ake sakawa ta ƙarin ruwa, cikin shekara ɗaya kusan 44 cikin 100 ciwon ya taso musu. Manya fa kenan da suka gama girma, kuma likitoci na biye da su sau da ƙafa. Shi ya sa likitocin yara ba su cika saurin yarda ba.

Prednisolone shi kuma kuskurensa kashi biyu ne, kuma na farkon yana iya kisa. In yaro ya yi makonni yana sha, jikinsa yakan rage yin nasa sinadarin na kortizon, in ka tsinke rana ɗaya sai ya galabaita, amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan yadda dokta ya rubuta, ko da yaron na tsalle. Na biyun akasin haka ne, uwa ta ga kumatu sun fito yaro na ci kamar gara sai ta ce ai wannan ne maganin ƙwarai, ta aje na dindindin ɗin ta koma sayen wannan a tebur cikin kasuwa. Ƙibar nan ba lafiya ba ce. Shi na kashe gobara ne na ɗan lokaci, in aka daɗe a kansa yana tsaida tsawo, ya raunana ƙashi, ya kawo suga da hawan jini, kuma ba ya warkar da gyambon hanjin yadda ake so.

Sai tsallake-tsallake saboda kuɗi, wannan kam ban ga laifin kowa ba don na san yadda aljihu yake. Amma a sani allurar ciwon da ake kira adalimumab duk sati 2 ce, infliximab na ƙarin ruwa duk sati 8, in ana yi ana bari jiki yakan fara ɗaukar maganin a matsayin baƙo ya yaƙe shi, ranar da ka samu kuɗi ka dawo ya daina aiki ko yaro ya yi rikicewa ana cikin ƙarin ruwan. Gara ka zauna ka ce dokta wallahi wannan ya fi ƙarfina, mene ne zan iya ɗorewa a kai, ya canza maka tsari. Kuma Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kar ka bari sai kwali ya ƙare sannan ka fara neman wanda zai sako maka a mota, tun saura na sati uku ka aika. Allurar firigo take so, tsakanin digiri 2 da 8, ba wajen ƙanƙara ba don in ta daskare ta lalace, da zafin watan Afrilu in wuta ta ɗauke a sa ta cikin kula mai ƙanƙara amma a naɗe da tsumma kar ta taɓa. Masu methotrexate kuma, wani maganin riƙe ciwon, sau ɗaya ne a SATI, ba kullum ba, a zaɓi rana ɗaya kamar Juma'a kowa a gidan ya sani.

Azumi ma wasu na aje magani dominsa. Yawancin ƙwayoyin nan sau ɗaya ake sha a yini, a tambayi dokta ko za a maida shi bayan shan ruwa, shi kenan, yaron da ba shi da lafiya ma ai addini ya yi masa rangwame.

Wani da ake yawan yi: yaro ya yi zazzaɓi sai a tsaida magani a gida a sayo ibuprofen ko diklofenak. Biyun nan suna iya tada ciwon hanjin, parasetamol ya fi masa. Kuma tunda magungunan na rage ƙarfin garkuwa, zazzaɓinsa ba na jira ba ne, ranar nan a kai shi a yi gwajin maleriya, dokta ne zai ce a dakata da allurar wannan satin ko a ci gaba. Tarin da ya wuce sati biyu a faɗa da wuri saboda tarin fuka, magunguna irin infliximab na iya tada shi. In masu rigakafi sun zo unguwa a nuna musu karne tukuna, don irin na ƙyanda da na shawara da ɗigon shan inna akwai ƙwayar cuta mai rai a cikinsu, sai dokta ya ce to.

Amma mafi muni a cikin abin da muka yi shi ne ɓoyewar. Da ciwon ya dawo ƙanwata ta so ta ce ai yana sha, don kunya. Da ta faɗi haka da dokta ya ɗauka maganin ne ya gaza ya haura da mu zuwa mai tsada ba dalili. Haka jiƙe-jiƙe, addu'a da tofi ba su hana komai ba a yi ta yi, amma saiwa ko sassaƙen da za a ɗura masa a faɗa, don azathioprine da methotrexate dama hanta ce ke ɗawainiya da su.

Wai ko ana iya dainawa gaba ɗaya? Akan rage wa wasu, ba ƙarya. Sai dai in yaro ya daɗe lafiya ba tare da prednisolone ba, analiz sun yi kyau, kyamara ta nuna hanji ya warke, yana tsawo daidai da tsaransa. In magani biyu yake sha ɗaya ake fara cirewa, ba a tsakiyar lokacin da yake miƙewa ba, ba kuma gab da jarrabawar BEPC ba, sannan a ci gaba da gwajin kashin nan duk 'yan watanni don shi yakan hau tun kafin yaro ya ji komai. A fito daga ofis ɗin da rubutaccen abin da za a yi in an ga zawon dare, jini, gyambon baki, rama, ko ƙurji mai ruwa kusa da dubura.

Namu yanzu ya koma kan ƙwayarsa, muna auna shi jikin bangon zaure da fensir duk farkon wata. Hajiya da kanta ke riƙe da kwalin, bayan sallar isha'i sai ka ji ta tana ƙwala masa kira. Maganar ragewa mun sake tada ta a randevu ɗin da ya wuce, dokta ya ce a bari sai bayan kyamarar baɗi.