Yadda Ake Shirya wa Yara Walimar Sabuwar Shekarar Hijira a Gida

Tambayi yaro ɗan firamare a Sakkwato wace shekara muke ciki, nan take zai faɗa miki ta Miladiyya. Tambaye shi ta Hijira, sai ya hau sosa ƙeya, alhali daga fadar Sarkin Musulmi da ke garin nan ake sanar wa Najeriya ganin wata. 'Yar walima a tsakar gida tana gyara wannan, muddin aka shirya ta yadda yara za su tashi da sanin abin da ya sa aka tara su.

Fara da tsayar da rana. Ba a sanin 1 ga Muharram sai an dubi wata a daren 29 ga Zulhajji, don haka kada ki yi cefanen abin da zai lalace kafin sanarwa ta fito. Gwamnatin jiha takan ba da hutu a ranar. In bai samu ba, ki ɗauki Alhamis ko Juma'a ta farko, lokacin da makarantun allo suke hutu. Ki kauce wa 9 da 10 ga wata, Tasu'a da Ashura, domin manya da yaran da suka tasa suna azumi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, shi ya sa take jawowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara. Ta 1447 ta kama a ƙarshen Yunin 2025. Ke nan a 'yan shekarun nan walimar tana faɗowa a farkon damina. Ki fara bayan La'asar, rana ta yi sanyi, ki sallami kowa kafin Magariba da fitowar sauro. Ki share zaure ko falo ki ajiye, ko da hadari zai taso.

Yara goma sha biyu zuwa ashirin sun isa gida ɗaya. Ki nemi yayye biyu ko uku ki damƙa musu ragamar wasanni. Yaro ya fi sakin jiki da yayarsa a kan gwaggo mai tsawa.

Wasan farko, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan taron, shi ne jeren watanni. Ki yanka kwali gida goma sha biyu, ki rubuta sunan wata ɗaya a kowane da manyan baƙaƙe, daga Muharram zuwa Zulhajji. A bayan kwalin ki sa sunan da kakanni suka sani: Muharram watan cika-ciki, Rajab azumin tsofaffi, Ramadan watan azumi, Shawwal ƙaramar sallah, Zulhajji babbar sallah. Ki cakuɗa, ki raba, ki ce su jera kansu ba tare da babba ya sa baki ba. A zagayen farko za a sha gardama a kan Jimada da Rabi'u, wa ke gaba wa ke baya. Ki bar su su yi ta yi, a nan ake koyon. A zagaye na biyu ki raba su gida biyu, a ga waɗanda za su riga jeruwa. Daga nan sai yaya ta riƙa kiran tambaya: "Wane wata ake layya?" Mai riƙe da kwalin ya yi tsalle ya fito tsakiya. In yaran ba su kai goma sha biyu ba, manyan cikinsu su riƙe biyu-biyu.

Bayan sun gaji da guje-guje, a shimfiɗa tabarmi a kira kaka ko kawu ya ba da labarin hijira a taƙaice: fitar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, da yadda a zamanin Sayyidina Umar aka mai da ita mafarin ƙidayar shekaru. Ga 'yan Sakkwato akwai ƙari na gida, wato hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804. Minti goma ya wadatar. In ya wuce haka, ƙananan za su fara tsunkulin juna.

Sai ka-cici-ka-cici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wuta da hayaƙi. Wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari, kuma a nan ki sa doka: garin ya zama na jihar nan, ba a maimaitawa. Za ki ji Wurno, Illela, Bodinga, Tambuwal, Gwadabawa, har su fara roƙon manya su raɗa musu wani. Wanda ya tara garuruwa mafi yawa shi ne sarkin taro, a naɗa masa rawani da ɗankwali.

'Yan mata in sun so su yi gaɗa ko carafke, maza su yi langa a inda babu turmi ko bakin rijiya. Ƙananan kuma a ba su kwali da aka riga aka yanka siffar jinjirin wata su shafa masa launi. Almakashi ya tsaya a hannun babba.

Abinci ba ya buƙatar wahala: masa ko ƙosai, zoɓo ko kunun aya mai sanyi, dabino, da fura in akwai nono mai kyau. Ki cire ƙwallon dabino, ki hana 'yan ƙasa da shekara huɗu gyaɗa da alawa mai tauri saboda shaƙewa. Fasasshen balan-balan ma a tsince shi nan take. Abin fashewa da wasan wuta kuwa kada su shigo gidan sam.

Kafin a watse, kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da yake so ya iya a sabuwar shekara: haddace wata sura, tuƙa keke, rubuta sunansa da ajami. Yaya ta rubuta a takarda da sunansa da shekarar Hijira, a sa a ambulan, ki adana a ƙasan akwati sai baɗi. Ki tsayar da su a jikin bango ki ja layi da fensir daidai kan kowa.

Tukuici kuwa kowa ya samu, ba sai wanda ya ci wasa ba. Fensir da ɗan littafin rubutu sun isa. In akwai taubasai a cikinsu, ki tanadi 'yan canji, domin watan kuɗin shara ne kuma ba za su manta ba.