Shago a Garin Jami'a: Kurakuran da Ke Cinye Jari da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya shiga tsakiyar garin jami'a a makon da ɗalibai suka dawo daga hutu zai rantse babu inda kuɗi ke yawo kamar nan. Titi ya cika maƙil, kowane shago da layi, iyaye na sauke akwatuna daga mota suna neman bargo da bokiti da fitilar karatu. A irin wannan mako ne mutane da yawa ke yanke shawarar kama shago, kuma kuskuren da ya fi kowanne tsada ke nan.

Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka nemi kalandar jami'ar ka ƙirga makonnin da ake karatu da gaske. A yawancin jami'o'in Amurka zango biyu ne a shekara, kowanne wajen mako 15, sai dogon hutu daga watan Mayu zuwa ƙarshen Agusta. A Oxford ta Ingila zango uku ne, kowanne mako 8, wato mako 24 kacal cikin 52. Mai gini kuwa bai san da wani hutu ba, hayar wata 12 zai karɓa cif. Haka kuɗin wuta da ruwa da haraji da albashin ma'aikata.

Saboda haka ka je ka ga titin a tsakiyar dogon hutu. Ka samu wuri ka zauna da safe, ka dawo da rana, ka sake dawowa da yamma, kana ƙirga masu wucewa ta gaban ƙofar da kake so. Ka lura da ɓangaren titin da suka fi bi, domin ɗalibi mai sauri zuwa aji ba ya tsallaka titi don shagon da bai sani ba. Sannan ka tambayi maƙwabta waye ya riƙe shagon kafin kai da abin da ya fitar da shi. Maƙwabtan nake nufi, domin dillali ba zai faɗa maka ba. Idan lissafi ya ƙi tashi da cinikin watan da ya fi kowanne mutuwa, ka nemi ragi ko ka nemi wani wuri. Idan kuma ya tashi, ka yi ƙoƙari hayar ta fara gab da dawowar ɗalibai, kada watanninka na farko su tafi kana biyan kuɗin shago kana kallon titi fayau.

Sau da yawa wanda ya tsallake wannan kuskuren yakan faɗa a na gaba: ya ɗauki kuɗin watanni masu kyau a matsayin riba. Cinikin garin jami'a damina da rani ne, abin da aka tara a zangon karatu shi zai ciyar da shago a hutu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe asusu na daban, duk mako ka zuba wani kaso na ciniki a ciki, kada ka taɓa shi don saro kaya ko gyaran shago. Kuma hutun da aka rubuta a kalanda shi ne mai sauƙi, tunda ka san ranar da zai zo. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta ɓarke, jami'o'i a ƙasashe da dama sun sallami ɗalibansu cikin 'yan kwanaki, zangon bai ƙare ba, bikin yaye ɗalibai ma aka soke. Yajin aiki ko wata tarzoma kan iya yin irin wannan.

Akwai wani abu da tsofaffin masu shago ke mantawa da shi fiye da sababbi. A gari na yau da kullum, idan ka shekara goma kana aiki mai kyau, sunanka ya zauna. A nan kuwa, inda digiri ke ɗaukar shekara huɗu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban da suka san ka suna tafiya duk shekara, wasu sababbi da ba su taɓa jin sunanka ba su maye gurbinsu. Ɗan aji ɗaya yakan zaɓi inda zai yi aski, inda zai buga takardu da inda zai gyara waya a makonninsa na farko, kuma da wuya ya sauya. Don haka kuɗin talla, komai ƙanƙantarsa, a kashe mafi yawansa a wannan lokacin. Ka kuma duba bayanin shagonka a Google Maps. Sabon ɗalibi wayarsa yake tambaya, kuma idan ta ce a buɗe kake ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ba lallai ya sake dawowa ba.

Amma a ganina babban sakaci shi ne a gina shago kacokan a kan ɗalibai. Jami'a ba ɗalibai kaɗai ba ce. Akwai malamai, ma'aikatan ofis, masu gadi da masu shara, ma'aikatan asibitin koyarwa idan akwai, 'yan fansho da iyalansu, ga kuma mutanen gari da ba ruwansu da makarantar. Su ne masu albashi, su ne ke nan lokacin hutu. Shagon da ya cika da kiɗa mai ƙarfi da kayan yara zalla korarsu yake yi ba tare da ya sani ba. Ba sai ka sauya sana'a ba. Ka ware wani kanta na kayan da magidanci ke buƙata, ka riƙe sunayen masu zuwa a kai a kai, kuma kada ka garƙame shago wata biyu a hutu, domin wanda ya saba da wani wuri a lokacin ba ya dawowa don kawai ka buɗe. Rage awanni ya fi, a rubuta su a ƙofa, a kuma cika alkawari.

Gasar farashi da manyan kantuna da masu sayarwa ta intanet ɓata jari ne kawai. Ko Borders, wanda ya faro a matsayin ƙaramin shagon littattafai a Ann Arbor, garin Jami'ar Michigan, a 1971 har ya zama kamfani mai ɗaruruwan rassa, ya rufe a 2011. Ƙaramin shago abin da yake da shi shi ne kusanci da gaggawa: ɗalibar da kwamfutarta ta mutu daren da za ta miƙa aiki ba za ta jira a kawo mata kaya bayan kwana biyu ba. Wannan yana nufin lokacin buɗewa ya bi rayuwar masu saye. Idan titin ya fi cika bayan faɗuwar rana, babu amfanin buɗewa da sassafe a rufe da la'asar.

Ranakun taro ma suna yaudara. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, amma wasannin ƙwallon da ake yi a cikinsa ba su wuce 'yan kaɗan a shekara ba, kuma ba kowace sana'a ke amfana ba. Mai sayar da abinci da mai kayan tsaraba za su sha ciniki, tela da mai gyaran takalma kuwa za su iya wuni a zaune, saboda masu zuwa wurinsu sun guji cunkoso da rashin wurin ajiye mota. Ka rubuta cinikin kowace irin wannan rana, baɗi ka saro kaya bisa abin da littafinka ya nuna.

Ɗaukar ɗalibai aiki yana da sauƙi, kuma suna jawo abokansu, sai dai dukkansu za su nemi hutu a mako guda, makon jarrabawa, su kuma tafi gida rana guda. A samu aƙalla mutum ɗaya ɗan gari da zai riƙe shago. Bashi kuwa, idan dole ne a bayar, a rufe littafinsa makonni kafin ƙarshen zango.

Sai batun tambarin jami'a. Mutane kan buga shi a riga ko kofi suna ganin ai makarantar garinsu ce. Jami'o'i da yawa sun yi wa sunansu da tambarinsu rajista, suna da ofishin da ke ba da lasisi, kuma suna iya sa a janye kayan da aka buga ba da izini ba. Ka je ofishin ka tambayi sharuɗɗansu kafin ka ba mai buga riguna ko sisi.