Yadda ake rubuta waƙar begen garin da ba ka taɓa gani ba

Da yawa daga cikinmu a Zangon Kumasi an haife mu a Aboabo ko Asawase, amma tun muna yara kunnenmu ya cika da Kano da Katsina da Salaga. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ta hanyar Gonja. Wannan begen ya isa a yi masa waƙa.

Da farko, je wurin tsofaffin gidanku ka saurara. Rubuta sunayen da suke ambata: Dala, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata. Abin da kake da shi game da garin shi ne abin da ka ji, to, a kansa za ka gina waƙar. Kada ka yi kamar ka je. Mai sauraro yana gane aro.

Sai ka zaɓi amsa-amo kafin ka rubuta ɗango, wato layin waƙa, ko ɗaya. Ka tara kalmomin da gaɓarsu ta ƙarshe ta zo ɗaya, baƙi da wasali: goro, soro, taro, tsoro. In ba su kai goma ba, sauya.

Kari kuwa, wato ma'aunin waƙa, nan ne aikin yake. Gaɓar Hausa ko dai mai nauyi ce (mai dogon wasali ko tagwan wasali, ko mai ƙarewa da baƙi), ko marar nauyi (mai ƙarewa da gajeren wasali). A "Kano", ka ba ta da nauyi, no tana da shi. A "taro" duka biyun masu nauyi ne. Karin Mutaƙarab, ɗaya daga cikin waɗanda malamanmu suka ɗauko daga arulin Larabci, yana tafiya da marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, sau huɗu a ɗango:

Kano, sun taho don fatauci na goro,
Kano, sai a bakin iyaye a taro.

Rera shi da murya kana buga cinya. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, kari ya karye, ko da ma'anar ta yi daɗi.

Ka lura sunan garin ya dawo a farkon kowane ɗango. Haka mai bege yake yi, ba ya gajiya da kiran suna. Amma bayan kowane kira ka kawo sabon abu, in ba haka ba maimaicin zai gundure.

A ƙarshe ka ba Kumasi baitinta, da hayaniyar kasuwar Kejetia da kiran sallar asuba a unguwarku, domin daga nan kake hangen can. Sannan ka rera wa kakarka, ta gyara maka sunayen.