Yadda Ake Rubuta Manyan Lambobi da Lambobin Romawa

Ba zan ɓata lokaci kan I (ɗaya), V (biyar) da X (goma) ba, duk wanda ya taɓa duba agogon bango ya san su. Sauran huɗun dai sai an haddace: L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Haruffa bakwai ke nan, kuma babu sifili a cikinsu. Yaran da nake yi wa darasin lissafi kafin jarrabawar shiga sakandare sukan rera su kamar karatun allo, amma da an ce su rubuta 1,999 sai ido ya raina fata.

Mataki na farko: kada ka kalli lambar a dunƙule. Rarraba ta gida-gida, dubbai daban, ɗaruruwa daban, gomomi daban, ɗaiɗaiku daban. 1,960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami 'yancin kai, ita ce 1,000 da 900 da 60. Rubuta kowanne shi kaɗai: M, sai CM, sai LX. Haɗa su daga hagu zuwa dama, ka sami MCMLX. Ni ba na duba amsar yaro sai na ga wannan rarrabawa a gefen takarda, ko da amsar daidai ce.

Mataki na biyu shi ne ɗebewa, kuma nan ne ake zubewa. An koya wa yaro cewa ƙaramin harafi idan ya zo gaban babba ɗebe shi ake yi, IV huɗu, IX tara, sai ya ɗauka ko'ina haka abin yake. Ga shi kuma a gida ya saba jin ana cewa "ɗari ba ɗaya" ko "ashirin ba biyu". Sai ka ga ya rubuta 99 a matsayin IC, 999 kuma IM, yana murna ya sami gajeriyar hanya. A ƙa'idar da ake koyarwa yau, duk kuskure ne. Ɗebewa iri shida ce kacal: IV da IX, XL da XC, CD da CM, wato 4, 9, 40, 90, 400 da 900. I ba ya tsayawa gaban kowa sai V da X. X sai gaban L da C. C sai gaban D da M. Su kuwa V, L da D ba a ɗebe su, ba a kuma maimaita su, don haka 45 XLV ce, VL ba lamba ba ce.

Wanda ya rarraba lambarsa tun farko ba zai faɗa wannan rami ba. 99 ita ce 90 da 9, wato XCIX. 490 ita ce 400 da 90, CDXC. 1,999 ɗin nan kuwa M, CM, XC, IX, ka sami MCMXCIX. Ta yi tsawo, na sani, amma haka take. In gida ya zo da sifili, tsallake shi kawai, kada ka nemi abin cike gurbi: 1,909 MCMIX ce, 2,040 kuma MMXL. (Kada agogo ya ruɗe ka in ka ga IIII a wurin huɗu. Tsohuwar al'adar maƙeran agogo ce, Romawan da kansu ma sun yi ta rubuta haka, amma mai duba jarrabawa ba zai karɓa ba.)

Tunda ba a jera harafi ɗaya fiye da sau uku, tafiyar tana ƙarewa a 3,999, MMMCMXCIX. Shi ya sa ko a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, in ka rubuta =ROMAN(4000) saƙon kuskure zai ba ka. Ƙasa da haka kuwa hanya ce mai sauƙi ta duba aikinka, kyauta, maimakon ka ƙone data kana laluben amsa.

Mataki na uku: daga 4,000 zuwa sama, ana jan layi a saman haruffa, layin nan yana ninka abin da ke ƙarƙashinsa sau dubu. Madannin waya ba shi da layin, don haka a nan zan sa baka a madadinsa; duk abin da ka gani cikin baka, a takarda ka ja masa layi a ka. (V) dubu biyar, (X) dubu goma, (C) dubu ɗari, (M) miliyan ɗaya. Dabarar ita ce ka bi waƙafi: abin da ke hagunsa ka rubuta shi kamar ƙaramar lamba ka ja layi, na dama ka bar shi haka. 48,276 ta rabu gida biyu, 48 da 276, ta zama (XLVIII)CCLXXVI. 40,090 ta zama (XL)XC.

Za ka ga wasu littattafai sun rubuta 7,300 a matsayin (V)MMCCC. Ba laifi ba ne, amma ni (VII)CCC nake so, don hanya ɗaya ce za ta yi maka aiki ko'ina. Abin kula shi ne inda layin ya tsaya. 6,001 ita ce (VI)I. Layin ya zarce kaɗan ya rufe I na ƙarshe, ka rubuta dubu bakwai, ka manta da shi gaba ɗaya, ka rubuta bakwai. Yi amfani da rula.

Miliyoyi ma haka ne: 1,250,000 dubu ce sau 1,250, wato (MCCL). Layi ɗaya zai kai ka har 3,999,999. Daga nan sai layi biyu, wanda ke ninkawa sau miliyan, amma da wuya a tambaye ka wannan a jarrabawa.